Gargaɗi: A Daina Zuba Madara Mai Zafi a Roba

Jama'a, musamman iyaye mata da masu sana'ar nono da kindirmo, a yi hattara. Akwai sinadaran da ake haɗa roba da su tun a masana'anta, kuma suna fita su shiga madara. Biyu aka fi sani: ftalet, mai sa roba laushi, da BPA, da ake samu a roba mai tauri mai garai-garai kamar gilashi. Dukansu na iya rikita sinadaran jiki masu tafiyar da girma da haihuwa, kuma jarirai ne suka fi shiga haɗari. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana BPA a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012.

Madara ta fi ruwa jawo ftalet, domin maiƙo yake bi. Zafi kuma ƙara masa hanzari yake yi. To, dubi yadda muke yi: a dafa madara, a juye ta tana tururi cikin jarkar da ba a san me ta taɓa ɗauka ba, a ɗaure bayan babur, a keta rana da ita har kasuwa. Can kuma a ɗura a tsofaffin gorunan lemo da aka tsinto. Wannan ganganci ne, ko da ba da gangan ake yi ba.

Abin tsoron shi ne ido da hanci ba sa kama waɗannan sinadarai. Madarar da ta tsinke kowa ya san ta, amma wadda sinadaran suka shiga, launinta da ɗanɗanonta ba sa canzawa. Sai a ɗakin gwaji, da na'urar da ke rarrabe sinadarai ta tantance kowanne. Ta haka aka gano wani nau'in ftalet a abubuwan sha a Taiwan a 2011. Don haka muna kira ga hukumar NAFDAC ta riƙa ɗibar nonon kasuwanni tana gwadawa, kada ta tsaya kan kayan kamfanoni kaɗai.

Kafin nan, a bar madara ta huce tukuna, a zuba a ƙwarya mai tsabta, ko kwalba, ko kwanon ƙarfe marar tsatsa. In roba ta zama dole, a duba lambar da ke gindinta: a guji 3 da 7, mai lamba 5 ta fi dama. Fidar da ta karce ko ta dushe, don Allah a jefar da ita yau.