Saƙo Har Ƙofar Gida: In Kaya Sun Salwanta, Wa Ke Da Ramuwa?

Yau muna so mu tattauna wani al'amari wanda ya shiga ko wane gida da ko wace rumfa, watau sha'anin kamfanonin nan masu karɓar kaya su ce za su kai wa mutum har ƙofar gidansa. Abin da ya ja mu ga wannan magana kuwa wata ɗawainiya ce da ta same mu a kwanakin damina.

Wani alaramma aminina, mazaunin cikin birnin Kano, ya shafe wata goma sha ɗaya yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa domin wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Ikko. Da ya gama ya yi masa wasali da zayyana, ya jera warƙoƙin cikin gafaka, ya danƙa mini ya ce in aika. Ni kuwa na ga tasha ba ta dace da irin wannan kaya ba, sai na nufi ofishin wani kamfani mai suna da kwarjini. Suka auna, suka rubuta nauyi, na biya, suka ba ni takarda mai lamba suka ce kwana uku. Kwana uku suka zama tara. Ran na goma aka buga wa mai saƙo waya, aka ce an zo unguwarsu ba a gane gidan ba, sai ya zo ofis da kansa. Da ya je ya tarad da kwalin ya sha ruwa ta gindi, tawada ta malale a warƙoƙi kusan arba'in. Da na koma neman hakki, sai akawun ya juya takardar da ya ba ni, ya nuna mini waɗansu ƙananan layuka da Turanci a bayanta, waɗanda ko da tabarau sai an ƙura ido. Abin da suka ƙunsa shi ne, tun da ban faɗi darajar kayan ba, ban kuwa biya inshora ba, ramuwarsu ba ta wuce wani ɗan abin da suka ƙayyade ba. Aikin wata goma sha ɗaya aka kimanta shi kamar ɗaurin takardun ƙosai.

To, aika kaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake sun kai kanwa da tufafi Gwanja sun komo da goro, madugu yana gaba, ana sauka zango zango, a ko wane gari akwai fatoma wanda ya san baƙonsa ya kuma tsaya masa. Mutum ya kan ba ɗan'uwansa sautu ba takarda ba shaida, domin wanda aka ba saƙon yana da gida da dangi da mutunci a garin da zai komo. Bayan haka Turawa suka kawo gidan waya, wanda aka fara buɗewa a Ikko cikin 1852, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano cikin 1911. Amma gidan waya bai saba bin mutane gida gida a garuruwanmu ba. Akwati ake kamawa, ko kuwa a rubuta a hannun wane, mai kanti ko limami ko mai unguwa, mutum ya je ya karɓa. Cikin 1985 aka raba sha'anin wasiƙu da na tarho, hukumar NIPOST ta tsaya da ƙafarta. Kai kaya har gida kuwa bai yawaita ba sai da ciniki ta intanet ya kankama, musamman daga 2012, shekarar da aka kafa Jumia da Konga. Yau ga 'yan Kantin Kwari da 'yan Kurmi suna ɗaukar hoton atamfa da shadda da turare a waya, mai saye yana Fatakwal ko Abuja, ba su taɓa ganin juna ba, tsakaninsu sai yaro a kan babur.

Tushen wahala na fari shi ne adireshi. Wannan tsari an gina shi ne a ƙasashen da ko wane titi ke da suna, ko wane gida ke da lamba a jikin ƙofa. Mu kuwa kwatance muka gada: ka bi bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai shayi, lungu na biyu, gidan da ke da dalbejiya. Wanda ya tashi a Yakasai ko Madabo zai gane nan da nan, amma yaron da aka ɗauka aiki jiya daga wata jiha, ko ya yini yana kewaya ba zai gane ba. Ƙasar nan tana da lambar shiyya ta gidan waya mai alƙaluma shida, sai dai ƙalilan ne suka san tasu, kuma ko an rubuta ta, shiyya take nunawa ba gida ba. Cikin 2017 NIPOST ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Ingila mai suna what3words, wanda ya yanka duniya duka murabba'i murabba'i, ko wane mita uku uku, ya ba ko wanne suna na kalma uku. Dabara ce mai kyau a takarda, amma ni dai ban taɓa jin wani ɗan kasuwa ya kwatanta rumfarsa da ita ba. Saboda haka adireshin gaskiya a yau shi ne lambar waya. In cajin waya ya ƙare, ko mutum yana cikin sahu ko yana gaban almajirai bai ɗauka ba, sai yaron ya rubuta cewa ba a sami mai kaya ba, ya yi gaba.

Har wa yau akwai wani abu da masu tsara wannan sana'a ba su lura da shi ba, watau halin gidajenmu. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Sa'ad da masu kai saƙo ke yawo, tsakanin hantsi da la'asar, maigida yana kasuwa ko makaranta. Sai a yi sallama, wani ƙaramin yaro ya fito, a miƙa masa kaya, a ce ya yi ɗan zane a takarda. A littafin kamfani an kai saƙo ke nan, ko da yaron na maƙwabta ne, ko almajiri ne mai wucewa. Waɗansu kamfanoni sun gyara wannan da aika wa mai kaya lambar sirri ta waya, ba a sakin kaya sai ya faɗe ta. Wannan ya kyautu, kuma ya kamata mai kaya ya riƙe lambar nan kam, kada ya faɗe ta a waya tun kayan ba su zo hannunsa ba, domin da zarar ya faɗa ya shaida da bakinsa cewa ya karɓa.

Kada kuwa mu ɗora laifi duka a kan yaran baburan nan, zama su ma suna cikin matsi. Da yawansu ana biyansu ne gwargwadon adadin saƙon da suka sauke a yini, don haka wanda ya tsaya neman gida ɗaya na rabin sa'a, daga aljihunsa ya yi hasara. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta ci gaba da hawa. Ga 'yan karɓar haraji a hanya, ko wace ƙaramar hukuma da takardarta. Ga kuma hatsarin rai: cikin watan Maris na 2017 waɗansu miyagu a Fatakwal suka yi odar wayoyi masu tsada bisa sharaɗin biya in an kawo, da ma'aikacin ya iso suka kashe shi. Mai ɗauke da kayan mutane da kuɗin mutane a lungun da bai sani ba, in ya ƙi shiga ya ce a fito bakin titi, yana da hanzari.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi shafar malamai. Littattafan da muke karantawa a zaure ba su bar wannan babi ba. Asali a wurin malaman Malikiyya, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma sun fitar da masu sana'a, irin su maɗinki da marini, suka ce su masu lamuni ne ga abin da suka ɓoyu da shi, domin maslahar jama'a, don in ba haka ba kowa sai ya ce ya ɓace. Haka kuma suka ɗora lamuni a kan mai dakon abinci, saboda hannu yana saurin kai wa gare shi. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya kawo hukuncin mai jirgin ruwa, cewa babu lamuni a kansa, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar. Ku dubi wannan da kyau. Ko a inda aka sauke wa mai dako ramuwa, ba a bar shi ya ci lada a kan kayan da bai kai ba. Kamfanonin yau kuwa suna karɓar lada tun farko, in kaya sun salwanta sai mutum ya yi ta sintiri kafin ya ga ko kwabo. Barin kwali a inda ruwa zai same shi kuma, ban san sunan da za a ba shi ba in ba sakaci ba. Ko sharaɗin da aka rubuta a bayan takarda, cikin harshen da mai kaya ba ya ji, ba a kuwa karanta masa ba, yana iya kawar da ramuwar sakaci? Wannan mas'ala muna ajiye ta gaban malamanmu, muna roƙon su rubuto.

Akwai wata mas'alar kuma. Risala ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun gaba, sai fa in wurin yana kusa, ko abin ya zama irin wanda ba ya sākewa, kamar gida ko fili. A mashhurin zance kuma, irin wannan haja tana cikin lamunin mai sayarwa har ta shiga hannun mai saye. Ashe biya in an kawo, wanda 'yan zamani ke gani sabon abu ne, ya fi kusa da abin da ke cikin littafi. Sai dai mu masu saye mun ɓata shi da kanmu. Mutum ya yi oda don nishaɗi, a ɗauko kaya daga Ikko har Katsina, ya kashe wayarsa, ko ya ce ya fasa ba tare da wani aibi ba. Kuɗin zuwa da na komowa duka suna kan ɗan kasuwa, shi kuwa sai ya watsa su cikin farashin da sauran jama'a za su biya.

Ga attajirai masu aikawa ƙetare, akwai lissafi guda wanda rashin saninsa ya sa da yawa suna zaton an cuce su. Manyan kamfanoni ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da girman wurin da kwali zai ci a cikin jirgi. Su kan auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, su ninka su, su raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya zama kilo 12 ke nan, ko da hulunan da ke ciki kilo huɗu ne, kuma wanda ya fi yawa cikin biyun shi ake biya. Wanda ya matse kayansa cikin ƙaramin kwali ya rage wa kansa kuɗi. Ramuwar kayan jirgin sama kuma, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1999, da kilo ake ƙayyade ta ba da daraja ba, sai fa in an bayyana darajar an biya ƙari. Watau kilo guda na zobban azurfa da kilo guda na kuka, ramuwarsu ɗaya ce ga wanda ya yi shiru. Kuɗin kwastan na ƙasar da za a shiga shi ma dabam ne, galibi mai karɓa ake nema da shi, shi ya sa kaya kan kwana a ofis alhali mai aikawa yana rantsuwa ya biya kome.

Ba a ce babu hukuma ba. NIPOST ce ke ba kamfanonin nan lasisi, ko da yake ita ma sana'ar take yi, alƙali ne kuma ɗan takara. A watan Yuli na 2020 ta fito da sabon kuɗin lasisi mai nauyi, har naira miliyan 20 ga masu aikin ƙetare, ƙananan masu babura suka yi kuka, ministan sadarwa na lokacin, Dokta Isa Ali Pantami, ya ce a dakatar. Akwai kuma hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙara. Amma mai ƙara ba ya zuwa hannu sake, sai da takardar biya, da hoton kayan kafin a rufe, da hotonsu sa'ad da aka buɗe. Don haka mai aikawa ya sa a rubuta abin da ke ciki da darajarsa a fili, mai karɓa kuma ya buɗe a gaban wanda ya kawo kafin ya sa hannu.

Mafi yawan 'yan kasuwarmu har yanzu tasha suka fi yarda da ita. A kai kaya Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, a ba direba, a karɓi lambarsa, gobe da asuba mai kaya ya je ya ɗauka. Ba ta da inshora, ba ta kai wa gida, in mota ta yi hatsari sai haƙuri. Amma direban yana da fuska, yana da shugabannin tasha da za a kai ƙararsa, kuma gobe nan zai komo lodi. Irin tsohon amincin fatoma ne ya saura a wurin, shi ne kuwa abin da na raina ran da na wuce tasha na tafi ofis mai gilashi.

Alaramma dai bai ce mini kome ba sai Allah Ya kiyaye gaba. Aka komo masa da warƙoƙin da suka ɓaci, ya feƙe alƙalami, ya dafa sabuwar tawada, ya sake su cikin wata guda da 'yan kwanaki. Wannan karon wani almajirinsa ne ya rungumi gafakar a ƙirjinsa, cikin leda biyu, ya hau motar dare zuwa Ikko, kuɗin motarsa zuwa da komowa kuwa ni na biya.