Ƙasa a Hannun Gwamna, Zinariya a Hannun Tarayya: Darasi Daga Sunke

Sunke ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Anka ta Jihar Zamfara. A shekarar 2010 gubar dalma ta afka masa, shi da Dareta, Abare, Bagega da Yargalma ta Bukkuyum. Masu neman zinariya kan kai duwatsu gida su niƙa, ƙurar kuwa ta shiga jikin ƙananan yara. Aƙalla yara 400 suka rasu a yankin.

To, zinariyar nan a hannun wa take? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Amma sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashinta. Izinin haƙa daga Abuja yake fitowa, a ƙarƙashin ministan da shugaban ƙasa ya naɗa.

Jama'ar yankin sun ga nauyin wannan iko da idonsu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Sunke da wasu ƙauyuka shida tsakanin 2010 da 2011, da taimakon gwamnatin jiha da ƙungiyoyin waje. Ita kuwa Bagega kuɗin tarayya ta jira. An yi alkawari a Mayun 2012, amma sai a Janairun 2013 Shugaba Jonathan ya amince a saki kuɗin. Duk tsawon wannan lokaci likitocin MSF ba su iya fara yi wa yaran magani ba, domin gidajensu na cike da guba.

A Afrilun 2019 gwamnatin Shugaba Buhari ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, gwamnatin Shugaba Tinubu kuma ta ɗage hanin a Disambar 2024. Sojoji da 'yan sanda ma na tarayya ne.

Duk da haka ikon yana da iyaka. Shugaba ba ya kashe kuɗi sai Majalisar Ƙasa ta amince da kasafi. Majalisar Dattawa ce ke tantance ministocinsa, kotu na iya soke matakinsa, kuma ba ya wuce wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu.

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kukan makarantar firamare da asibitin ƙauye na ƙaramar hukuma ne da jiha. Na ma'adinai da tsaro kuwa, mai karatu, a kai shi ga sanata da ɗan Majalisar Wakilai, domin su ne ke da hurumin bin diddigin yadda gwamnatin shugaban ƙasa ke aiki.