Mazubi da jeri a JavaScript: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya fara koyon gina shafin intanet, da ya wuce HTML da CSS sai ya ci karo da JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Shi ke sa shafi ya yi lissafi, ko ya amsa idan an danna maɓalli. Abu biyu ne kan fara tare wa ɗalibi hanya, waɗanda darussan Turanci ke kira variable da array. Mu kira su mazubi da jeri.

Mene ne mazubi?

Ku ɗauki gwangwanin da uwargida ta manna wa takarda, ta rubuta "gishiri". Haka mazubi yake: wuri ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka raɗa wa suna, aka ajiye abu a ciki.

let farashi = 500;

Alamar = a nan umarni ce: "zuba 500 a cikin farashi". Gobe idan kaya sun tashi, sai ku rubuta farashi = 650, tsohon adadin ya kau. Abin da ba ku so a canza kuwa, ku fara shi da const maimakon let. Su biyun a 2015 suka shigo, shi ya sa tsofaffin darussa ke cike da var, kalmar da ake amfani da ita kafin su.

Sunan mazubi ba ya farawa da lamba, ba a barin tazara a tsakiyarsa, kuma Farashi daban ne da farashi. Wani abin daɗi, harshen yana karɓar ɗ, ƙ da ɓ, don haka kuɗi ma suna ne ingantacce.

Ga tarko ɗaya. Duk abin da ke tsakanin alamomin zance rubutu ne, ko da lamba ce. Shi ya sa "5" + 3 ke ba da "53", ba 8 ba.

To jeri fa?

Kamar kiret ɗin ƙwai yake: suna ɗaya, gurbi da yawa, kowanne da lambarsa.

let cefane = ["tumatir", "albasa", "attarugu"];

In an sayo manja, cefane.push("manja") zai sa shi a ƙarshen layi.

Me ya sa ake fara ƙirga daga sifili?

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne, tunda da ɗaya muka tashi muna fara ƙirga. Amma cefane[0] shi ne tumatir, cefane[1] albasa. Hanyar da na ga ta fi zama a kai ita ce wannan: lambar tana faɗin abubuwa nawa za ku tsallake kafin ku iso. Tumatir na bakin ƙofa, ba ku tsallake komai ba. Attarugu sai kun wuce biyu.

Saboda haka jeri mai abu uku, lambarsa ta ƙarshe 2 ce. Kuka nemi cefane[3] kafin a saka manja, kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, undefined kawai za ta ce, wato babu kowa a gurbin. Wannan shirun shi ke sa kuskuren wuyar ganowa.

Nawa ake kashewa kafin a gwada?

Ko sisi. Ku buɗe Chrome ko Firefox a kwamfuta, ku danna F12, ku zaɓi Console. Ko babu data zai yi aiki. Ku buga layukan nan da hannunku, sannan ku rubuta cefane.length ku ga adadin da zai ba ku.