Jarrabawar malamai: Wa ke da hurumin auna ƙwazon malamin firamare?

A watan Oktoban 2017, Gwamnan Jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya shaida wa tawagar Bankin Duniya cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 da aka yi wa jarrabawa sun kasa samun kashi 75 cikin 100, alhali tambayoyin na 'yan aji huɗu ne. Ya ce za a sallame su, a ɗauki sababbi 25,000. Daga wannan sanarwa aka shiga ɗaya daga cikin manyan rigingimun ƙwadago da aka gani a Arewa, kuma tambayar da rikicin ya taso da ita na nan har yau: ta yaya ake gane malamin da ya cancanta, kuma wa ke shata ƙa'idar?

Yadda rikicin ya gudana

Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, wadda aka kafa tun 1931, ta yi watsi da sakamakon. Ta garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda a watan Disamban 2017 ta ba da umarnin dakatar da sallamar har sai ta saurari ƙarar. Gwamnati ta ci gaba da raba takardun sallama. Ranar 8 ga Janairun 2018 malamai suka tsunduma yajin aiki, Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Ayuba Wabba ta yi zanga-zanga a Kaduna, amma kafin watan ya ƙare aka janye yajin aikin ba tare da gwamnati ta sauya matsayi ba.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2018 gwamnati ta sake sallamar fiye da mutum 4,000 daga cikin sababbin malaman da ta ɗauka, bisa dalilin cewa su ma ba su cancanta ba. A Disamban 2021 aka sake wata jarrabawar, a Yunin 2022 kuma hukumar SUBEB ta sanar da korar malamai 2,357. Daga cikinsu 165 ne kawai aka kora saboda faɗuwa. Sauran 2,192 laifinsu ƙin zama jarrabawar ne, cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Hujjar kowane ɓangare

Gwamnati ta kafa hujja da cewa an daɗe ana siyasantar da ɗaukar malamai, inda takardar ɗan siyasa ke yin aikin da ya kamata takardar shaidar karatu ta yi. A ganinta, wanda ya kasa amsa tambayar da zai yi wa yaro ɗan shekara tara ba shi da abin da zai ba yaron, kuma 'ya'yan talakawa ne ke ɗanɗana kuɗarta, tunda masu hali sun daɗe da kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi.

Ƙungiyar kuwa ba ta ce duk malamanta gwanaye ba ne. Ƙorafinta ya fi karkata ga tsari. Ta ce an yi da ita cewa kashi 60 ne makin cin jarrabawar, daga baya gwamnati ta ɗaga shi zuwa 75 ba da saninta ba. Ta kuma ce doka ta ɗora alhakin tantance wanda ya cancanci zama malami a kan Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da Doka ta 31 ta 1993. Sannan ta nemi a horar da masu rauni maimakon a kore su.

Me jarrabawa ke aunawa?

Hanyoyi uku aka fi sani wajen auna malami. Ta farko ita ce jarrabawar sanin darasi, irin ta Kaduna. Tana da sauƙi da sauri, kuma tana zaƙulo wanda bai iya lissafi ko karatu ba. Sai dai ba ta nuna ko wanda ya ci ya iya koyarwa, ko yana ma zuwa aji. Mutum na iya cin kashi 90 ya kuma shafe rabin zango a shagonsa na kasuwa.

Ta biyu ita ce sa ido a cikin aji, wato shugaban makaranta ko sufeto ya zauna ya kalli yadda malami ke tsara darasi da yadda yake tafiyar da yara. Ita ta fi kusa da ainihin aikin, amma tana bukatar sufetoci masu horo da abin hawa, kuma son rai na iya shiga. Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa cike fom ɗin APER na shekara ya san yadda maki kan danganta da zaman lafiyarsa da mai gidansa.

Ta uku ita ce duba ci gaban ɗalibai daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Matsalarta ita ce abubuwa da dama da ke shafar sakamakon yaro ba a hannun malami suke ba. Ba adalci ba ne a auna mai koyar da yara ɗari da ke zaune a ƙasa, waɗanda rabinsu ke ɓacewa ranar kasuwa da lokacin shuka, da ma'auni ɗaya da mai ɗalibai talatin a cikin gari.

Tunda kowace hanya na da giɓi, tsarin da ya fi inganci shi ne wanda ke haɗa su, ya kuma auna fiye da sau ɗaya kafin ya yanke hukunci.

Inda yarjejeniya ke shigowa

A Amurka, mafi yawan manyan birane na da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin hukumar ilimi da ƙungiyar malamai, wadda ake sabuntawa bayan 'yan shekaru. A cikinta ake fayyace albashi da lokutan aiki da matakan da za a bi kafin a sallami malami. A Satumban 2012 malaman birnin Shikago suka yi yajin aikin kwana bakwai na makaranta, wanda ya shafi ɗalibai kusan 350,000, kuma batun auna ƙwazo na cikin manyan dalilai. Hukumomin birnin sun so sakamakon jarrabawar ɗalibai ya kai kashi 40 na makin malami. Aka daidaita a kan kada ya wuce kashi 30, tare da ba malami damar ɗaukaka ƙara. An yi rigima, amma ta ƙare da takardar da kowa ya sa wa hannu.

A Najeriya lamarin ya bambanta. Dokokin aikin gwamnati ne ke tafiyar da malamin firamare, SUBEB da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ke kula da shi, albashinsa na fita daga kason ƙananan hukumomi, TRCN kuma ke ba shi lasisi. Yarjejeniya da ƙungiya galibi sai an shiga yajin aiki ake zaman yin ta, kuma a kan bashin albashi da ƙarin girma take tsayawa. Saboda haka duk gwamnan da ya so yin jarrabawa shi ke tsara tasa. Kwara ta yi a 2008, yunƙurin Ekiti a zamanin Kayode Fayemi da na Edo a zamanin Adams Oshiomhole kuma sun ci karo da turjiyar malamai.

Abin da ya kamata a rubuta tun farko

Darasin Kaduna shi ne akwai tambayoyin da ya dace a amsa a rubuce kafin a raba takardar jarrabawa ko ɗaya: wa zai tsara ta ya kuma duba ta, mene ne makin ci, sau nawa za a ba wanda ya faɗi dama, wane horo za a yi masa a tsakani, ina zai kai kuka idan yana ganin an zalunce shi, kuma wane hakki zai tafi da shi idan ta tabbata sai ya bar aiki.

Wannan nauyi ne a kan ɓangarorin biyu. Ƙungiyar da ta ƙi kowane irin awo tana rasa goyon bayan iyaye. Gwamnatin da ta sauya ƙa'ida ana tsakiyar tafiya, ko ta yi biris da umarnin kotu, tana sa malaman kirki ma su ɗauki jarrabawa a matsayin tarko. Sallamar sababbin malaman da aka yi a 2018 kuma ta nuna cewa gyaran na farawa ne daga ranar ɗaukar aiki, da kuma kwalejojin ilimi da ke ba da takardar NCE. Muddin ba a toshe wannan ƙofa ba, duk gwamnatin da ta zo za ta tarar da jerin sunayen da za ta sake yi wa jarrabawa.