Tsutsar Kwamfuta da Hanyoyin Kare Kai daga Gare Ta

Daga cikin miyagun manhajojin da ke addabar kwamfuta akwai wadda masana suke kira tsutsa. Sau da yawa akan gwama ta da ƙwayar cutar kwamfuta, amma ya kamata ɗalibi ya bambance su. Ƙwayar cuta takan laɓe ne a jikin wani fayil, ba ta motsi sai mutum ya buɗe shi. Ita kuwa tsutsa ba ta jiran kowa. Da kanta take bin hanyar sadarwa tana lalubar kwamfutoci, ta nemi ɓaraka a manhajar da suke aiki da ita, ta kutsa, ta kwafi kanta, sannan ta mayar da sabuwar kwamfutar sansanin kai wa wasu hari. Ɓarakar nan kuskure ce da marubuta manhaja suka bari ba da saninsu ba. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsutsar farko da ta yi suna ita ce wadda Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki a shekarar 1988. Amma wadda ta fi nuna hatsarin lamarin ita ce Slammer, wadda ta ɓulla a Janairun 2003. Cikin kimanin minti 10 ta kama kwamfutoci wajen 75,000, har intanet ta durƙushe na tsawon sa'o'i a Koriya ta Kudu. Babu ma'aikacin da zai iya tsere da irin wannan gudu. Kafin a kira taro an riga an gama ɓarna. Abin lura shi ne, kamfanin Microsoft ya fitar da facin da ke toshe wannan ɓaraka tun watanni 6 kafin harin. Haka aka sake yi a watan Mayun 2017, lokacin da WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta tilasta wa asibitocin Ingila soke dubban alƙawuran ganin likita. A nan ma facin ya fito tun watan Maris, ba a dai saka shi ba ne.

Saboda haka, matakin farko na kariya shi ne saka faci da zarar ya fito. Kalmar faci ta dace ƙwarai, domin aikinsa ɗaya ne da na mai facin taya, wato liƙe huda. Matsalar ita ce, tsohuwar manhajar da kamfani ya daina kula da ita ba ta samun sabon faci, ga kuma tsadar data da kan sa a kashe sabuntawa. A ganina wannan tsimi ne na banza, domin abin da za a kashe wajen gyara ya ninka shi.

Mataki na biyu shi ne rufe ƙofofin da ba a buƙata. Kwamfuta tana karɓar saƙonni ta ƙofofi masu lamba, kuma katangar tsaro ce ke tantance wadda za a bari a buɗe. WannaCry ta bi ƙofa mai lamba 445 ne, wadda ake musayar fayiloli ta cikinta, kuma babu dalilin barinta a buɗe ga duniya. Sai kuma rarraba kwamfutoci gida-gida, yadda idan tsutsa ta shiga sashe ɗaya ba za ta tsallaka wani ba.

Malamin da aka danƙa wa ɗakin kwamfuta na makaranta ya raba na'urorin ɗalibai da waɗanda ke ɗauke da sakamakon jarrabawa, ya kuma ajiye kwafin muhimman bayanai a ma'ajin da ba ya haɗe da sadarwa. Idan ya ga alamar kamuwa, ya fara zare wayar sadarwar kwamfutar da ta kamu kafin ya nemi mai gyara.