Filasko Magani Ne, Amma Da Awo

Ya ku malamai da fatake, ga bayani a kan filasko, wanda Larabawa ke kira sana. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 1350, ya ambaci fa'idarsa a cikin Zadul Ma'adi.

Amfaninsa shi ne sakin cikin wanda bayan gida ya yi wa tauri. Amma ku sani, ba ya aiki sai ya isa babban hanji, can yake motsa shi, ya tara masa ruwa. Saboda haka akan yi sa'a 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa.

To, a nan mutane ke cutar kansu. Mutum ya sha da azahar, la'asar ta yi bai ji kome ba, sai ya ƙara. Da dare kuwa sai murɗa da zawo su kayar da shi.

A sha kaɗan bayan lisha, a saurari safiya. Kada a zarce kwana 7, don hanji kan saba. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai tsananin ciwon ciki ko amai, su nemi likita tukuna.

Allah ya ba mu lafiya, amin.