3.4 Ma'anoni da Asalin Kalmar "Bank"

A wannan sashe za a dubi kalmar Ingilishi "bank", domin a nuna yadda kalma ɗaya kan ɗauki ma'anoni daban-daban, da kuma abin da ke faruwa idan wani harshe ya are ta.

Ma'ana ta farko ita ce gaɓar kogi, ko tudun ƙasa mai ɗan tsawo. Da wannan ma'ana kalmar ta bayyana a rubutun Ingilishi wajen shekarar 1200, kuma masana suna danganta ta da tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila.

Ma'ana ta biyu ita ce ma'ajiyar kuɗi. Wannan ta shigo a ƙarshen ƙarni na 15, ta hanyar Faransanci "banque", daga Italiyanci "banca", wato benci ko teburin da 'yan canji suke baza kuɗi a kai a birane irin su Fulorans da Banis. Daga teburin sunan ya koma kan sana'ar, sannan ya koma kan ma'aikatar, kamar Bankin Ingila da aka kafa a 1694. Haka kuma kalmar "bankrupt", wadda ke nufin karayar arziki, ta samo asali ne daga "banca rotta", wato karyayyen benci.

Ko da yake hanyoyin shigowar sun bambanta, duk ma'anonin biyu suna komawa ga tushe ɗaya na harsunan dangin Jamusanci, mai nufin wuri mai ɗan tudu. Daga baya ma'anar ajiya ta faɗaɗa, har aka sami "blood bank", ma'ajiyar jini, sunan da aka fara amfani da shi a Chicago a 1937.

Da Hausa ta ari kalmar a zamanin mulkin mallaka, ta ƙara mata wasalin ƙarshe ta zama "banki", amma ma'anar kuɗi kaɗai ta ɗauka, domin tana da "gaɓa" da "baki" tun asali. Ke nan aron ya ƙuntata ma'anar. Wannan ne ya sa mai fassara ba zai mayar da "West Bank" zuwa "bankin yamma" ba, sai dai Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Muhallin da kalmar ta fito a ciki shi ne ke tantance ma'anar da ake nufi.